Igiyar Shanyar Yagana

Kwanakin baya wasu samari uku suka yi sallama a zaurena da ke unguwar Hausari, nan Maiduguri, suka ce za su buɗe wajen lesin, suna so in sa musu albarka. Na tambaye su wa zai koyar da insha'i da taƙaitawa na jarrabawar Turanci. Suka kalli juna. Ɗaya ya ɗaga wayarsa ya ce ai wannan ba ya bukatar malami, akwai jerin kalmomin haɗa zance har hamsin a ciki, ɗalibi ya haddace kawai ya zuba. Na sa musu albarkar, tun da ita suka zo nema. Amma tun da suka tafi abin yake ci na a rai, shi ya sa na zauna in rubuta muku wannan, ku da duk wanda ya ɗauka aikin nan barbaɗa gishiri ne a miya.

Ni a hannun Baba Yohanna na koyi sana'ar, wani tsohon hedimasta mutumin kudancin Borno da ya yi ritaya ya zauna a Bolori. Na je masa da takardar kwalejin malamai a aljihu, ina ji da kaina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min almakashi da kwalin sabulu, ya ce in yanka daidai tafin hannu. Wata uku ina yankan kwali, ban taɓa alli ba. Mahaifina tela ne, da ya ji labari sai ya ce in da yankan nake so ai da na zauna a shago, aƙalla can ana cin tuwo da shi.

Sai daga baya na gane amfanin katunan. Baba yakan karanta wa ɗalibai wani rubutu, ko ya ba su batu, kowa ya fitar da abin da ya fahimta a kan kati. Dokarsa ita ce kati ɗaya, magana ɗaya. In maganarka ta ƙi shiga tafin hannu, to ba ka gane ta ba tukuna, koma ka sake karantawa. In an gama, sai a je tsakar gida inda ya ɗaura igiya tsakanin dalbejiya da taga, a rataye katunan da 'yan maƙalen shanya, a yi ta matsar da su har a sami wanda ya kamata ya zo farko da wanda zai bi shi. Tsakanin kowane kati biyu ana barin fili kamar faɗin hannu. Wannan filin shi ne sana'armu gaba ɗaya.

Abin da ke shiga filin jajayen katuna ne, waɗanda ake yankawa daga kwalin tumatirin gwangwani. Da Turanci ake rubuta su, amma da Hausa zan faɗa muku: saboda, amma, don haka, misali. Huɗu ne kacal. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa littattafai cike suke da wasu masu daɗin ji, ya ce wanda ya iya riƙe amanar huɗun nan shi za a ba sauran. Yakan tsaya da sandarsa ya nuna filin, ya yi tambaya ɗaya da ba ya sauyawa: me ya haɗa su? Ranar da ya fara ba ni aji, na maƙala "don haka" tsakanin maganganu biyu da ko gaisawa ba sa yi, don kawai filin ya cika. Ya bar ni na gama bayani da murya mai ƙarfi, sannan ya gaya wa ɗalibai su duba da kyau, ɗan tela ya ɗinka hannun riga a ƙafar wando. Sunan ya bi ni kusan shekara.

Da na buɗe nawa wajen a Hausari, na rubuta allo na kafa a ƙofar zaure, sai na gane ɗalibai ba su ne wahalar ba, iyayensu ne. Wani uba ya taɓa zuwa da buƙatar in rubuta wa ɗansa insha'i ɗaya mai kyau wanda zai shiga kowace tambaya, ko wasiƙa ce, ko labari, ko muhawara. Na ce masa ko hula ba a ɗinka irin wannan. Ya tafi yana cewa malaman yanzu ba su da taimako.

Cikin waɗanda suka fi daɗewa a wurina akwai wani da ake kira Ba Modu, masinjan wani ofis, mutum mai furfura a gemu, wanda kiredit ɗin Turanci ya tsaya tsakaninsa da kujerar akawu. Shi ne ya taɓa rataya kati mai cewa mahaifinsa mutumin kirki ne, da wani mai cewa mahaifin nasa yana da shanu, ya sa "amma" a tsakani. Na tambaye shi ko mallakar shanu laifi ne a danginsu. Ya ce ko kusa, sai dai ya lura tun safe ba wanda ya ɗauki "amma", yana zaune a kwando shi kaɗai, shi ne ya ji tausayinsa. To irin abin da jerinku na hamsin zai haifar ke nan, sai dai naku zai fi yawa.

Sai shekarun nan na tashin hankali suka zo. Ba sai na tsaya ba ku labarinsu ba, wasunku a cikinsu aka yaye ku. An hana achaba, an sa dokar hana fita, akwai lokacin da waya ta koma abin duba agogo kawai. Makarantu suka rufe, wasu suka cika da mutanen da suka gudo daga garuruwansu. Koyar da boko ya zama abin da ba a faɗa da ƙarfi. Na cire allona daga ƙofa na tura shi ƙarƙashin gado, kuma da maƙwabcina ya tambaye ni ina allon, na ce gara ce ta cinye shi. Aji ya tashi daga zaure ya koma cikin gida. Daga mutum arba'in muka koma bakwai, kowa yana zuwa da littafinsa a ƙasan leda, an rufe shi da alayyahu ko gawayi.

Cikin gida kuwa igiya ɗaya ce, ta maiɗakina Yagana. Katunana suka shiga tsakanin zannuwa da rigunan yara, wanda ya leƙo ta katanga shanya kawai zai gani. Yagana ta yarda da igiyar, amma ba ta taɓa yarda da maganar 'yan maƙalenta ba. Kullum da yamma sai ta ƙirga su a gabana, in ɗaya ya ɓata ta tsare ni da tambaya kamar na sayar da akuyarta. Ta ce ta auri malami ne, ba ta san har da kayan wankinta za a shiga jarrabawa ba.

A wannan shekarar na lura da wani abu da ban fahimce shi da wuri ba. A da, katin "saboda" shi ya fi kowanne shan hannu. Duk wata sai na yanka sabo, don yakan yi baƙi, gefensa ya lanƙwashe. Amma a shekarar nan wata huɗu suka wuce yana nan fes kamar ranar da na yanka shi. Ɗalibai suna ɗaukar "misali", suna ɗaukar "amma", shi kuwa suna kewaye shi. Na ɗauka lalaci ne, na yi ta faɗa. Ban tsaya na saurari yadda garin gaba ɗaya ya koma magana ba. A cikin keke-napep za ka ji mutum ya ce an rufe kasuwa, ya yi shiru, can ya ce ya dawo gida. Wani ya ce maƙwabcinsa ya yi tafiya, kowa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba mai tambayar dalili, ba mai bayarwa, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Mun koyi ajiye magana guntu-guntu, kowace a wurinta, mu bar filin tsakaninsu wayam.

A cikin bakwai ɗin akwai Malama Rifkatu. Daga wani ƙauye na bayan duwatsu a kudu ta zo, tana zaune a sansanin da aka yi a wata makaranta, kuma tana koyar da 'yan aji uku a can, aikin sa kai. Hukuma ta ce za ta ɗauki malaman sansanin aiki, amma sai mai cikakkiyar takarda. Ita kuwa komai ta haɗa sai Turanci, sau biyu tana zaunawa yana kayar da ita. Shugabar makarantar ta yi mata alfarma zuwa fitowar sakamakon wannan jarrabawar. In ta ci, ajin nata ne. In ba ta ci ba, za a kawo wani, yaran da ta tattaro da hannunta daga tanti zuwa tanti su koma hannun baƙo. Ta gaya min wannan ranar farko a tsaye, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ban taɓa samun ɗalibi mai fitar da kati irin nata ba. Ka ba ta shafi biyu, ta tsamo maka maganganu biyar, ba ƙari ba ragi, da rubutu ƙanana a tsare. Jerin ma daidai take yin sa a igiya. Amma in ta gama sai ta ja da baya ta naɗe hannu, filayen nan a buɗe. In ta zo rubutawa a takarda, sai jimloli su fito a jere kamar mutanen da ke layin ruwa, ba mai yi wa wani magana. Na san abin da ya kayar da ita sau biyu ke nan, don mai duba takarda ba ya ba da maki a kan abin da ka sani ka riƙe a ciki.

Saura sati biyar jarrabawa na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na zaɓi batun da na ga kowa ya sani, wato tsadar kifin tafki. Rifkatu ta rataya katunanta: kifi ya yi tsada, masunta sun bar ruwa, an rufe hanya. Ta ja da baya. Na ɗauko jan katin "saboda" na danƙa mata a hannu, na ce Malama, ba ya cizo, ga shi ma sabo ne. Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Na nuna filin da rula irin yadda Baba yake yi, na ce me ya haɗa su? Ta sunkuyar da kai. Na sake. Na yi na uku da ɗan ɗaga murya, na ƙara da cewa ko ɗan aji ukunta zai amsa wannan.

Ta ɗago kai ta ce, "Malam, a garinmu wanda ya san dalili shi aka fara nema."

Ta ajiye katin a kan tabarma, ta ɗauki ledarta ta alayyahu ta fita. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Sati ya cika.

Ina ta gunaguni a gida cewa mutane ba sa son gyara, Yagana tana kwashe shanya. Sai da ta gama ninke zannuwa ta ce, "Malam, kai da ka ce gara ta ci allonka, kai ne mai tsare mutum sai ya faɗi dalili?"

Ranar Litinin na hau keke zuwa sansanin. A shingen bincike muka sauka muka taka da hannuwa a sama, ni da farin gashina da biro a aljihu ina addu'ar kada a tambaye ni aikina. Na same ta a gindin dalbejiya da yara sun fi sittin a kan buhunan da aka shimfiɗa. Ba ta gan ni ba, na tsaya a bayan wani tanti. Lokacin damina ne, amai da gudawa sun shiga sansanin, tana gaya musu kada wanda ya sha ruwan kududdufin bayan famfo. Wata 'yar firit ta ɗaga hannu ta ce me ya sa, ai ruwan a kwance yake fari. A duk Maiduguri yara ne kaɗai ba su daina wannan tambayar ba.

Sai na ji Rifkatu ta buɗe baki. Ta ce saboda ruwan sama yana wanko ƙazanta daga bayan gida, ƙazantar kuma tana da ƙwayoyin da ido ba ya gani, don haka farin ruwa ba shi ne mai tsabta ba. Ta ce misali gishiri in ya narke ba a ganinsa, amma harshe ya san yana nan. Ta bi da su daki-daki har zuwa tukunya da wuta. Ni ina laɓe ina ƙirgawa da yatsu kamar Yagana. Kafin ta sallame su na samu "saboda" shida, "don haka" uku, "amma" biyu, "misali" ɗaya, kuma ba wanda ya zauna a wurin da ba nasa ba.

Da yara suka watse na fito muka gaisa. Na ba ta haƙuri a kan kifi, na kuma karanta mata lissafin yatsuna. Na ce ashe tana da kayan, a gida take barin su in za ta zo wurina. Ta ce yara daban ne, ta san su, ta san iyayensu, amma takarda ba ta san hannun wa za ta faɗa ba. Na gaya mata gaskiyar abin da na sani. Mai duba takardar wani malami ne a wani gari mai nisa, da tarin takardu a gabansa da ciwon baya, lamba yake gani, kuma bai damu da ko wace ce ita ba. Abu ɗaya ne matsalarsa, ba ya gane komai sai an bi da shi a hankali.

Na ce, "Malama, ɗan aji uku ne. Gemu kawai ya fi su."

Ta rufe baki da gefen gyale ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta. Ta ce za ta dawo, amma da sharaɗi, ba kifi, ba hanya, ba kasuwa. Na ce na yarda.

Na koma gida na sauya batutuwana kaf. Muka koma kan sauro, da ciwon haƙori, da dalilin da ya sa ake dasa itatuwa, da amfanin karin kumallo. Na aro kujerar tsugunno ta Yagana, wadda ita ma sai da aka yi ciniki a kanta, na ajiye a gaban igiya, na ce wannan wurin ɗan aji uku ne, duk mai rataya kati shi yake yi wa bayani. Ba Modu ya ce kujera ba ta magana, shi zai zauna. Haka dattijon nan yake naɗe babbar rigarsa ya tsuguna, gwiwoyinsa kusa da kunnuwa, ya siranta murya ya ce, "Malama, me ya sa?" In an ba shi amsar da ba ta haɗu ba, sai ya turo baki ya ce shi bai gane ba, zai gaya wa babarsa. Cikin sati biyu katin "saboda" ya yi baƙi, na yanka sabo, kuma ba Rifkatu kaɗai ta amfana ba. Takardunta suka fara tafiya da ƙafafunsu. Aibinta ɗaya da ya rage shi ne takan ƙare insha'i kamar za ta ce kowa ya je ya wanke hannu, na ce wannan mai duba takarda zai jure.

Ana gobe jarrabawa na ce kowa ya zo bayan la'asar mu yi bitar ƙarshe. Na dawo daga masallaci na tarar Rifkatu ta riga kowa, har ta karɓi almakashi da guntun kwali a wurin Yagana. Ba Modu ya shigo tare da ni, ya wuce kai tsaye ya hau kujerarsa. A can ƙarshen igiya, kusa da katanga, katuna uku ne a rataye, da ƙananan rubutun nan nata. Na hagu ya ce, "Gidanmu suka fara shiga." Na tsakiya jan katin "saboda" ne. Na dama ya ce, "Bitrus, mijina, shi ne malamin makarantar ƙauyenmu."

Wata biyar tana zuwa gidan nan, ba ta taɓa ambatar miji ba, mu ma ba mu tambaya ba, kamar yadda aka saba a lokacin. Ta tsaya a gefe da hannuwa a naɗe, inda take tsayawa kullum.

Ta ce, "Malam, ya haɗu?"

Na duba kamar yadda aka koya min, don ban san wani abin da zan yi ba. Kati ɗaya, magana ɗaya. Jeri daidai. Jan katin yana wurinsa. Tausayinta ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don abin da ke rubuce a katin dama shi ne ya tura allona ƙarƙashin gado, kuma ni ban taɓa iya faɗarsa ko ga maƙwabcina ba. Na ce mata ya haɗu. Ba Modu yana tsugune a kujerar ɗan aji uku, ranar bai yi tambayarsa ba, ya cire hula ya riƙe a hannu. Bayan ɗan lokaci ita ce ta ce mu fara bita, rana tana tafiya, kuma akwai dokar hana fita.

Da sakamako ya fito ta samu kiredit ɗinta, aka bar mata ajinta. Ta zo ta gaya mana da kanta, ta kawo wa Yagana ƙullin ɗanyar gyaɗa. Ba Modu sai a zama na gaba ya samu nasa, ya ce da ma tsayawa ya yi ya ga kowa ya haye. Allona kuwa na fito da shi bayan shekara biyu na mayar ƙofa, maƙwabcina ya tsaya ya duba shi gaba da baya, ya ce lallai garar gidana tana da ladabi.

Saboda haka ku samari, in da gaske kuke, ku dawo. Ku bar wayar a aljihu, akwai almakashi da kwali, wata uku ba yawa. In kun shigo zauren za ku ga wani guntun igiya a bango da katuna uku da suka koɗe. Ba ni na rataye shi ba. A yammacin ranar bitar nan hadari ya taso, na fito da sauri in kwashe kaya, na tarar Yagana ta riga ta sa almakashi ta yanke ƙarshen igiyarta da katunan a jiki, ta kai ciki. Har gobe tana ƙirga 'yan maƙalenta da yamma, har gobe ina shan tambaya in ɗaya ya ɓata. Ukun da ke riƙe da katunan nan ba ta taɓa sa su a lissafi ba.